Kwan Fitilar Baba Ergash

Margilan, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Oydin,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya sanyin Tashkent? Mama da Baba suna lafiya, suna gaishe ki.

Yaya, maƙwabcinmu Baba Ergash mai rini ya rasu. Matarsa, Gwaggo Tursunoy, ta kunna kwan fitila a ɗakin da aka yi masa wanka, kamar yadda ake yi, don ruhinsa ya riƙa gane gida har kwana arba'in.

Da Babanmu ya shiga ta'aziyya sai ya ji ƙauri. Kin san sufeton lantarki, ko a gidan makoki hancinsa yana bakin aiki. Ya dafa bango ya ji zafi. Wayoyin sun ruɓe, ga rufin layinmu duk katako ne a haɗe. Ya ce dole ya yanke wutar gidan sai an sake waya.

Gwaggo ta riƙe masa hannun riga, ta ce, "Ɗana, ni na goya ka. Tsohon nan ko da ransa ba ya gani sosai, yanzu kuma ka bar shi a duhu?" Baba ya kawo mata kyandir, ta ce bai saba da shi ba. Ya dai yanke.

Yanzu a gidan shayi ba mai matsa masa wurin zama. Mahauci ma cewa ya yi, "Sufeto, ko lahira za ka je ka duba musu waya?" Baba ya yi dariya, amma bai ci abinci ba ranar.

Ƙanwarki,
Zebiniso

Ranar Laraba

Yaya Oydin,

Ina fata kina lafiya, kuma tarin ya sake ki. Kada ki yi mini dariya kan abin da zan faɗa.

Tun da aka yanke wutar, da magariba fitilun layinmu ke dushewa. Ba tare ba, gida-gida. Na gidan mai gurasa su yi ja kamar garwashi, su dawo, sai na gidan gaba su ɗauka. Kamar mutum ne yake tsayawa a kowace ƙofa, ya duba, ya wuce.

Baba ya bi gidajen da abin gwajinsa, ya hau turken lantarki, ya buɗe mitoci. Bai ga komai ba. A ofis an ce ya kawo dalili, ko a turo wani. Kin san yadda yake ji da takardar shaidarsa, da jarrabawar da yake ci duk shekara. Na ji yana gaya wa Mama, "Waya na karanta, wannan ba a koya mana ba."

Jiya na kai wa Gwaggo miya. Tana zaune a ɗakin nan, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Nema yake yi, 'yata. Ya kusa zuwa naku."

Da magariba kuwa namu suka yi ja. Ina riƙe da butar shayi, sai na ji tsakar gida ta yi sanyi. Baba ya miƙe, ya shiga gidan Gwaggo, ya kwance kwan nan, ya zo ya ɗaura shi a ɗakinki ya kunna, tunda shi ne ke jingine da bangonsu. Ya ce wayarmu lafiyayya ce, doka ba ta hana ba.

Ki yi haƙuri, ba mu nemi izininki ba.

Taki,
Zebiniso

Ranar Asabar

Yayata,

Gaisuwa da kewa. Na daɗe ban rubuto ba, ki gafarce ni.

Tun daga ranar fitilu ba su ƙara dushewa ba. An sake wa Gwaggo waya, an yi sadakar arba'in, an dafa shinkafa, har mahauci ya zuba wa Baba shayi da hannunsa. Baba ya kashe kwan, ya mayar mata. Ta karɓa ta yi godiya, sannan ta tsaya tana kallon ƙofarmu. Ta ce, "Shiga dai ya bi haske ya shiga. Amma ba ta nan aka fitar da shi ba, anya ya san hanyar fita?"

Yau da hantsi Baba ya kashe duk abin da ke cin wuta a gidan, har firji, ya kira ni in tsaya kusa da shi a gaban mita. Yaya, tana tafiya. A hankali, daidai cin kwan fitila ɗaya. Ya kawo sabuwa daga ofis ya ɗaura, ita ma haka.

Na tambaye shi me zai gaya wa mutanen ofis. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce, "Zan ce gidan ba shi da matsala. Kada ki gaya wa Mamanku."

Ke kaɗai na gaya wa. Na kwaso littattafanki da bargonki zuwa ɗakina, gadon zai ishe mu. In kuma kin fi son naki idan kin zo hutu, to ki riƙa yin sallama kafin ki shiga. Baba ma yana yi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zebiniso