Kaset ɗinki da Yayen Nana

Zuwa ga Sista Rabi, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ina sanar da ke cewa kaset ɗin da kika aiko ta hannun alhazan unguwarmu ya iso, kuma ya yi mini ɓarna.

Rabi, ke ba baƙuwa ba ce a gidanmu na Unguwar Sarki. Kin san yadda ake jin kaset ɗin Makka. Ba mai shiga ɗaki da shi. A tsakar gida ake ajiye rikoda, a shimfiɗa tabarma, a kira har maƙwabta. Haka aka yi. Baban Nana na zaune, Hajiyarsa na zaune, ƙannensa da suka gama makaranta ba aiki suna jingine da bango. Kika gaida kowa da sunansa, ana ta sa miki albarka. Sai kika shiga kwatance. Wai abin da nas take ɗauka can a wata, sai in shekara a ɗakin haihuwa ban gan shi ba. Ga gida kyauta, ga mota tana kai ku aiki. Na miƙa hannu zan kashe, Hajiya ta ce a bari ta ji ƙarshe.

Kin zaci ban san albashina ba ne? Ni da nake karɓarsa a makare, ya ƙare a kasuwa tun ban kai layin masu nama ba? Ni da nake wanke safar hannu in shanya in sake sawa? Na sani sarai. Na yi shiru ne don Nana ko tafiya ba ta fara ba, kuma kin fi kowa sanin aikin can ba ya ɗaukar mai goyo. Maganar da za ki yi mini mu biyu, kika yi wa dangin mijina.

Tun ranar ban huta ba. Baban Nana, da a da yake ɓata rai in aikin kwana ya faɗo kaina, shi ya nemo ejan mai kai ma'aikata Saudiyya da kansa. Hajiya kuwa maganarta ɗaya kullum: "Yaye ai ba mutuwa ba ne." Ban ga laifinsa sosai ba, albashinsa na ma'aikatar gona bai fi nawa albarka ba. Ke nake jin haushi.

Tunda kwatance kike so, ga wanda ba ki sa a ciki ba. Na kai wa 'yarki Ummi tsarabarta gidan mamanki a Hayin Banki, haɗe da nata kaset ɗin. Ta yi murna da 'yar tsana. Da aka kunna, kina kiran sunanta, kina mata waƙar da kike mata tana goye, sai ta saurara kaɗan, ta tambayi kakarta wace ce wannan. Mamanki ta roƙe ni kar in gaya miki. Na gaya miki, da gangan kuma, don ke ma ki ji.

Yanzu da na rubuta, zuciyata ba daɗi. Ke ce fa muke cin kwano ɗaya a makarantar jinya. Ke kika karɓi haihuwar Nana a hutunki na ƙarshe, kafin ki koma. Na san ba don daɗi kika tafi ba, ke kike riƙe da gidanku tun rasuwar babanku. Wataƙila kaɗaici ne ya ishe ki, kika rasa yadda za ki ce in zo, sai kika ce albashi.

To, fasfo ya fito. Ranar Juma'a za a kai Nana Zariya wurin innata a yaye ta. Na riga na ware zanen da zan ɗaure ƙirjina da shi.

Allah ya tsare ki, ya raya Ummi, ya sa ran da kika dawo ta rugo wurinki. Ni kuma ki taya ni roƙo, Allah ya sa Nana ta riƙe muryata. In na sauka ki zo ki tare ni, amma kar ki yi mini barka.

Taki, duk da haka,
Maryam