Oddlaug Bremnes, Mai Tarbar Jirgi a Terneholm, Ta Rasu

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga nufin Allah Maɗaukaki, Majalisar Amintattu ta Gidan Keɓewa da Addu'a na Ikilisiyar Lutheran da ke tsibirin Terneholm, a arewacin ƙasar Norway, ta samu labarin rasuwar Uwar wannan gida, dattijuwa a majalisarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta ikilisiya, matar marigayi Arnfinn Bremnes, wato Uwargida Oddlaug Bremnes, wadda Ubangiji ya kira ta da safiyar Litinin ɗin da ta gabata, a ɗakinta na bayan kicin, tana da shekara tamanin da uku a duniya. Mun san da tana raye ta ji wannan jerin laƙabobi, da ta yi mana kallon nan nata ta saman tabarau, ta ce wanda ke da lokacin rubuta irin wannan ai yana da lokacin feren dankali. To yau ba ta nan, saboda haka za mu faɗi abin da ta hana mu faɗi a gabanta.

A madadin Majalisa, da fastocin da suka yi hidima a nan, da ma'aikatan sa-kai, da dukan waɗanda suka taɓa kwana a ƙarƙashin rufin wannan gida, muna miƙa ta'aziyyarmu ga ɗanta tilo, Injiniya Jostein Bremnes, da uwargidansa Torill, da 'ya'yansu, da sauran dangi na kusa da na nesa.

Marigayiya ta sauka a tsibirin nan tana amarya, lokacin da gidan bai wuce majami'ar katako ɗaya da rumfar busar da kifi ba, kuma daga wannan rana har zuwa ranar Litinin ba ta yi wani aiki a duniya ba sai na buɗe ƙofa. Duk wanda ya zo mana a watannin haske, lokacin da rana ba ta faɗuwa kuma yara ba sa yarda su kwanta, ya san yadda gidan ke cika har a shimfiɗa katifu a ɗakin karatu: iyalai, da matasa masu shirin tabbatar da bangaskiya, da makiyaya 'yan ƙabilar Sami, da 'yan gudun hijira daga ƙasashen da ba mu iya faɗin sunayen garuruwansu daidai, da masunta waɗanda rabonsu da majami'a tun ranar aurensu. Duka teburi ɗaya ta zaunar da su, kuma duka wuƙar fere ɗaya ta miƙa musu. Mun ga Mai Girma Bishop sanye da rigar kicin yana wanke tukunya, wani tsohon ɗan kurkuku yana tsaye a kansa yana nuna masa inda ya bari. Musulman da suka zo, ita da kanta ta share musu kusurwa mai kallon alƙibla, ta ware musu tukunya, ba ta taɓa sa kowa shiga sujadar yamma dole ba. Wanke kwano kuwa babu wanda ta ɗage wa.

Amma mu da muka san ta sosai a watannin duhu muka san ta. Idan baƙin lokacin ɗumi suka watse, aka shigar da tumaki, aka ɗaure ƙananan jirage, rana ta ɓace bayan duwatsu, mutum goma ko ƙasa da haka ke saura a gidan, kuma jirgi ba ya zuwa sai teku ta ga dama. Wannan Majalisa ta sha kawo shawarar a riƙa rufe gidan a hunturu, da hujjoji masu kyau waɗanda har yau muna ganin kyansu. Kullum amsarta ɗaya ce: "Ku rufe a Yuli idan kuna son rufewa. Wanda ya fi bukatar gidan nan ba a Yuli yake zuwa ba." Ba mu taɓa cin ta a wannan gardama ba, kuma mun daina ƙoƙari.

Al'adar da aka fi sanin Terneholm da ita, ita ta kafa ta. Da an hango jirgi sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya gangara matsayar jirgi, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara. Ita kuma ta tsaya a gaba, ta kama hannun duk wanda ya sauko, ta dube shi a ido ta ce, "Mun daɗe muna jiran ka." Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi, ba a tambayar cocinsa ko addininsa. Ta faɗa wa malaman tauhidi waɗannan kalmomi, ta faɗa wa mai gyaran famfo, ta faɗa wa jami'in da ya zo duba tsaftar kicin, wanda ya rikice har ya manta jakarsa a jirgi. Mutane da dama sun shaida mana cewa a duk rayuwarsu babu wanda ya taɓa ce musu ana jiran su sai a wannan matsaya.

Abin da za mu ambata yanzu, mun ambata ne da izinin iyalin marigayiya da kuma izinin wanda abin ya shafa, domin idan aka bar shi ba a faɗi ko wace ce Oddlaug Bremnes ba. Mutanen yankin nan ba su manta da yadda mijinta Arnfinn ya rasu ba. Jirgin kayan gidan ne ya daki dutse a mashigin tsibiri, cikin yanayi mai kyau, saboda matuƙinsa, Steinar Kvalnes, ya sha giya. Steinar ya tsira, Arnfinn bai tsira ba. Kotu ta yi hukuncinta, Steinar ya yi zamansa a kurkuku, ya fito ya tarar babu ƙofar da za ta buɗe masa a duk gaɓar tekun nan, har da ta 'yan'uwansa.

Wata rana a watan Nuwamba aka kaɗa ƙararrawa, muka gangara kamar kullum, sai ga shi shi kaɗai ne fasinja. Mai rubuta wannan sanarwa yana wurin. Steinar ya tsaya a bakin jirgi, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, hula a hannu. Kowa idonsa a kan Oddlaug. Ta daɗe ba ta motsa ba, har matuƙin da ya kawo shi ya fara taɓa igiya zai juya. Sannan ta taka, ta kama hannun da ya riƙe sitiyari a ranar da mijinta ya mutu, ta faɗi kalmomin nan kamar yadda take faɗa wa kowa, ba ta rage ko ɗaya ba. Daga nan ta wuce rumfar itace ta rufe kanta, ba a sake ganin ta ba sai lokacin sujada. Shekaru bayan haka wata matashiyar fasto ta yaba mata a kan wannan gafara, sai ta katse ta: "Kar ki mai da ni waliyyiya, yarinya. Ban yafe masa a ranar ba. Abin da ake faɗi na faɗa, zuciyar kuma ta sha wuya kafin ta kamo bakin." Har yau idan muka tuna, tsoron Allah ne ke kama mu.

Steinar bai sake barin tsibirin ba, bai kuma sake taɓa kwalba ba. Shi ke fasa itace, shi ke share dusar ƙanƙara daga ƙofar majami'a zuwa matsaya, kuma a shekarunta na ƙarshe, da ƙafafu suka ƙi, a hannunsa take dogara ta gangara tarbar jirgi.

Sai dai Majalisa ba za ta yi ƙarya a gaban gawa ba: wannan tarba ba kyauta aka yi ta ba, kuma ba mu muka biya ba. Jostein yana tsaye a matsayar a ranar, saurayi ne wanda raɗaɗin rashin mahaifinsa bai sake shi ba. A jirgin da ya kawo Steinar ya bar Terneholm, kuma fiye da shekara ashirin bai sake taka tsibirin da aka haife shi ba. Bai yanke zumunci da mahaifiyarsa ba, takan je wurinsa a birni, jikokinta sun san ta kuma sun ƙaunace ta, amma gidan da ya buɗe wa duniya duka ya zama gidan da shi ba ya iya shiga. Muna faɗa masa a bainar jama'a cewa mun ga wannan rashi, ba mu ɗauke shi ƙarami ba, kuma babu wanda ke da ikon ganin laifinsa.

Kafin rasuwarta, marigayiya ta bar wasiyya guda da bakinta, a gaban Fasto Ingunn Myrvoll, faston gidan: tana so Steinar ya kasance cikin mutum shida da za su ɗauki akwatin gawarta daga majami'a zuwa jirgi. Fasto ta ce mata wannan magana ce mai nauyi ga Jostein. Ta ce, "Na sani. Ki faɗa masa roƙo ne. Idan ya ƙi, ya ƙi, kuma kar wanda ya yi masa wa'azi." Majalisa ta zauna ta yanke cewa gawa ta iyali ce, kuma abin da Jostein ya ce shi za a yi, Fasto kuma ta aika masa da roƙon. Steinar kuwa bai jira hukunci ba. Ya haɗa kayansa, ya shaida wa Fasto cewa zai bi jirgin da zai kawo iyalin ya tafi, don kada ɗan marigayiya ya buɗe ido ya gan shi a wurin makokin uwarsa. Da aka tambaye shi ina za shi, ya ce bai sani ba tukuna. Mutum ne mai shekara saba'in, kuma ba shi da wani gida a duniya sai wannan.

Ranar Laraba jirgi ya iso da iyalin. Jostein ya sauko, ya gaisa da Fasto, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ya nufi can ƙarshen matsaya, bayan tarin igiyoyi, inda Steinar ya raɓe da jakarsa yana jiran a gama sauka ya shiga. Mu da ke kusa mun ji abin da ya gudana, kuma su biyun sun yarda mu faɗa. Jostein ya ce, "Steinar, ajiye jakar nan. Gangaren yana da santsi, kuma an ce ka fi kowa sanin inda ake sa ƙafa. Ni da kai za mu riƙe akwatin ta wajen kai." Steinar ya ce, "Jostein, ban cancanta ba." Jostein ya ce, "Ban ce ka cancanta ba. Na ce akwai nauyi, kuma ni kaɗai ba zan iya ba."

Muna roƙon Allah Uba, mai ta'azantar da masu makoki, ya ba Injiniya Jostein Bremnes da iyalinsa ƙarfin zuciya da juriyar wannan babban rashi, ya riƙe su a kwanakin da ke tafe lokacin da masu gaisuwa za su watse, ya kuma karɓi baiwarsa Oddlaug cikin hutawar da ya yi wa nasa alkawari ta wurin Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna roƙon ya tuna da ɗan taron da ya rage a gidan nan cikin sanyin bana, waɗanda har yanzu sukan ajiye mata kofi da safe kafin su tuna.

Za a yi sujadar ban kwana a majami'ar Terneholm ranar Juma'a da hantsi, idan teku ta bari, sannan a haye da ita zuwa maƙabartar ikilisiya a binne ta kusa da mijinta. Ana gayyatar kowa, ko mai wane addini ne ko marar addini. Muna roƙon masu zuwa su sa takalman da ba sa zamewa, su kuma bar hanyar gangare a buɗe, domin mutum biyun da ke riƙe da wajen kai za su bukaci tafiya a hankali.

Sa hannu:
Halvard Nygrend
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Majalisar Amintattu
Gidan Keɓewa da Addu'a na Ikilisiyar Lutheran, Terneholm