Rasuwar Dattijo Shirahama, Mai Gwada Ƙofofin Tsofaffin Taragu

Cikin alhini da kewa, Ƙungiyar Masu Hawa Tsofaffin Taragun Cikin Gari ta Nagasaki ta samu labarin rasuwar shugabanta kuma wanda ya kafa ta, tsohon babban makaniken garejin taragu, Dattijo Shirahama Tokuji, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi yana da shekara tamanin da ɗaya.

Marigayin ya shafe shekara talatin da takwas yana gyaran waɗannan taragu kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken guragu. Ranar da ya sake fitowa tasha, matakala biyu ne suka hana shi shiga taragon da hannunsa ya raya. Da aka fara maganar zubar da tsofaffin a sayo sababbi, sai ya ƙi. Ya zana yadda za a sauke ƙofar baya, a yi mata katako mai naɗewa wanda direba zai shimfiɗa wa keke. Tarago goma sha ɗaya aka gyara haka, kuma kowanne shi ya fara hawa, agogo a hannu. Yakan ce wa direbobi: "Ka wuce minti ɗaya, ɗana, ni fasinjoji za su harara, ba kai ba."

Saura tarago ɗaya, mai lamba 207. Ranar Alhamis za a gwada shi, kuma in keke bai shiga cikin minti ɗaya ba, taragon ya bar aiki ke nan. Mu goma sha huɗu muka fara wannan ƙungiya. Yanzu ni sakatariya, ni kaɗai ce ke iya fita. Maiɗakinsa, Uwargida Fusae, ta ara mini kekensa, ni zan zauna a ciki. Da yake nauyina bai kai nasa ba, shi da kansa Tsinke yake kirana, zan rungumi buhun shinkafa a cinya don gwajin ya zama na gaskiya.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Uwargida Fusae da 'yarsu Kazuyo da dukan ma'aikatan gareji. Allah Ya ji ƙansa, Ya ba su juriyar kallon ɗakin da ya bari.

Mai tura keken ne har yanzu ban samu ba. Ga duk mai iya taimakawa, zan kasance a tashar gareji ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe.

Iriguchi Matsue
Sakatariyar Ƙungiya