Kwanon Malam Badruddeen

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

An kama Malam Badruddeen, telan nan na unguwar Gwallaga mai bakin tsiya, don ya yi bidiyo yana caccakar wani kansila kan rushe rumfuna. Shi ne fa ya taɓa cewa ƙungiyarmu ta kare haƙƙin jama'a 'yan kwangilar Turawa ce, ni kuma Sauda ballagaza mai yawon ofisoshi. Da na ji labarin har wani daɗi ya ɗarsu mini. Lauyanmu Jesse ya ce aikinmu bai san masoyi ko maƙiyi ba, duk wanda aka tsare kan magana namu ne. Na sani, ba sai an karanta mini ba.

Talata, 9 ga Yuli

'Yan sanda sun ƙi kai shi kotu, sun ƙi ba da beli. Matarsa tana tsoron caji ofis, sai kai abinci ya faɗo kaina. Ƙa'idarsu, wanda ya kawo sai ya ɗanɗana a gabansu. Na yi loma ɗaya ta tuwon gidan mutumin da ya zage ni. Miyar ta yi gishiri.

Kwanon ya dawo a cike. Wai ba ya cin abin hannunmu.

Alhamis, 11 ga Yuli

Yaya Usama ya tare ni a zaure: “Ke ba ki da zuciya ne? Ki bar su su gyara masa zama.” Na ce, “Yaya, ran da suka zo kanka, wa zai kai maka tuwo?” Don doka nake yi, ba don Malam ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Dangin Malam suna so ya durƙusa wa kansila a gidansa na GRA, ya ba da haƙuri, a sake shi. Ya ce bai yi ƙarya ba. Taurin kai! Amma ni ma da haka zan ce.

Sajan na caji ofis ya ce in na sake zuwa zan kwana a ciki. Na yi lomata ina kallon ƙwayar idonsa. Yau kwano ya dawo wayam.

Laraba, 17 ga Yuli

Jesse ya matsa har aka kawo shi kotu. Ba hula, yana jan ƙafar hagu, ta kumbura suntum. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ashe duk furfura ce. Alƙali ya ba da beli. Ya wuce ta gabana ko kallo, balle sannu. Ban ce ina jira ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Maganar ƙafar nan da ta kumbura a hannun 'yan sanda sai mun kai ta gaba, ko yana so ko ba ya so. Har yanzu haushinsa nake ji.

Bayan sallar Asuba ina cikin addu'a, sai na ji na ce Allah ya ba shi lafiyar ƙafa. Ban shirya faɗin hakan ba. Na dai shafa.