Turken Gindin Aduwa

Alhamis, 3 ga Oktoba 2024

Kuran, wato wutar lantarki, ya dawo bayan la'asar, na samu na taɓa Ɗan Takobi. Sunan da muka laƙa wa wasan ke nan, na ainihin ya fi ƙarfin bakina. Yau na shiga kashi na uku ni kaɗai, don Yaya Tanimu yana gona wurin yankan gero.

Kashi na ɗaya da na biyu tare muka cinye su. Wato shi ya cinye, ni dai manet, abin latsa wasan, ce a hannuna, ido a kan tele, kunne a wurinsa. "Dama, Laila! Hannun cin tuwo!" Kowace mararraba a wasan akwai allon katako a kafe: nan hanyar ƙauye, can dutsen aljanu, kada ka shiga kogon nan ba fitila. Ban taɓa tsayawa na karanta ko ɗaya ba. Me zan yi da allo ina da Yaya? Shi kuwa aikinsa sare su. Ya fizge manet, fyaɗ, allo ya rabu biyu, ya yi ta dariya. In ka fita ka dawo, ga shi tsaye kamar ba a taɓa shi ba.

Yau da ba shi na ɓace a fadama har na gaji, dole na koma na karanta. Ashe har barkwanci suke rubutawa. Wani allon ya ce an hana kamun kifi, sai dai in za a ba mai gadi rabi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Abin da nake gudu ya faru.

Dabbobin Baba Agali sun shiga geronmu na hanyar Korahane. Baba Agali fa! Ba'abzinen da yake abokin Babanmu tun ba a haife ni ba. Kowace kaka in an saki gonaki a gonarmu yake sauka, dabbobinsa su zuba mana taki, Inna ta aika musu gero su aiko da cuku. Bana ruwa ya ƙafe musu a arewa, suka gangaro da wuri. Suna bin burtali, da suka zo daidai gonarmu hanya ta matse, shanu suka fantsama cikin hatsi. Yaya da abokinsa Yazidu suka kora taguwa biyu da wasu shanu zuwa furiyar, turken hukuma.

Zan rubuta nan, don ba wanda zan iya gaya wa. Lokacin shuka Yaya ya dawo wata rana da amalanke, kafaɗarsa a goge, rigarsa duk ƙasa. Ya ce mini cikin dariya, "Yau na sare alluna na gaske." Turakun simintin nan masu fenti ja da fari, waɗanda hukuma ta kafa don nuna iyakar burtali, su ya tone ya matsar ciki, ya ƙara wa gona faɗi. Wai ƙasa ce kwance, ba mai takata sai wata ɗaya a shekara. Na ce mishi ni ba ruwana.

Geron da shanun suka ci, a cikin burtali aka shuka shi.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Baba Agali ya zo gida da hantsi. Inna ta kai ruwa zaure, bai sha ba. Ina bayan ƙofa.

Ya ce wa Baba, "Cindo, turakun nan sun yi tafiya. Shekara nawa ina bin hanyar nan."

Baba ya ce turke ba ya da ƙafa. Shi bai taɓa ba, gidansa ba wanda ya taɓa, kuma in ana so zai dafa Alƙur'ani.

"Kada ka rantse, Cindo. Ba ka gani."

Kai! Da ma bai faɗi haka ba. Tun da yanar ido ta rufe Baba ba abin da ya ƙi jini kamar a tuna mishi. Ya buga sanda ƙasa ya ce wallahi sai ya rantse gaban mai gari. Baba Agali ya ja amawalinsa ya rufe baki, ya fita ba sallama.

Talata, 8 ga Oktoba

An tsayar da rana. Asabar, a gonar, gaban mai gari da mutanen meri, ofishin magajin gari. Baba zai rantse.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ban iya koyar da komai a lakwal, makarantar da nake aiki, ba yau. Na ba yara kwafi na zauna ina kallon bango.

Rantsuwa da Alƙur'ani ba wasa ba ce. Kowa a Dakoro yana da labarin wanda ya dafa kan ƙarya, da yadda ya ƙare. Ko ba wannan ba, mutumin da bai taɓa cin haƙƙin ko kaza ba, a ce ɗansa ya kai shi ya dafa Littafi kan ƙarya, bai sani ba? Da ido biyu ba zai yi ba. Don ba ya gani ne kawai.

Na tare Yaya bayan rumbu. Na ce, "Yaya, ka gaya wa Baba."

Ya sha mur. Wai ba za a kai ga rantsuwa ba, Agali zai janye, makiyaya ba su son tsayawa gaban hukuma.

"In bai janye ba fa?"

"To ki je ki faɗa, ki kai ni jandarma da hannunki. Ki ga wanda zai ɗaure damman gidan nan."

Ya tafi ya bar ni tsaye. Yayana da yake goya ni zuwa lakwal in ƙaya ta soke ni. Na ji haushinsa har wuyana, kuma na ji tsoro dominsa, duka biyun a tare.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kunna wasan don kaina ya huta, ina! Na isa wani daji da ake kira Kurmin Maƙaryata. Alluna ko'ina, kowane da kibiyarsa da rubutunsa tsaf. Na bi na farko, na dawo inda na fito. Na bi na biyu, na faɗa rami. Ashe wasu ƙananan aljanu ne suke tumɓuke su suna sauya musu wuri.

Abin ya ɓata mini rai fiye da kima. Tun da na fara karanta su, wasan nan yana koya maka allo ba ya ƙarya, duk wanda ya yaudare ka a gari, allo zai gaya maka gaskiya. Sai da ka saki jiki sannan su yi maka haka. Tir.

Na kusa jefar da manet. Can na lura da wata tsohuwa zaune bakin kurmin, wadda na wuce ban ko gaishe ta ba. Na koma. Ta ce kowane allo na gaskiya an kafa shi ne jikin abin da ba ya ɗaukuwa, dutse ko babban itace. In ka ga allo tsaye shi kaɗai a fili, kawo shi aka yi.

Na fita kurmin. Ban ji daɗin fitar ba, na kashe tele na zauna.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Yazidu da samarin unguwa suna zaune ƙofar gida da gorori, wai gobe in makiyaya suka kawo raini za su gani. An ce su ma mutanen Baba Agali sun taru a mashekarinsu. Inna sai jan carbi take, ta ƙi cin abinci.

Baba ya sa an wanke farar rigarsa. Ya kira ni na yanke mishi farce, yana ta ba ni labarin ranar da aka kafa turakun, da yadda ya taya su haƙa. Ya ce na farkon yana gindin aduwar nan ta kusurwar gona, har yakan dafa aduwar da hannu ɗaya, turken da ɗaya, in zai cire ƙaya a takalmi.

Jin haka na kuskure, har na kusa yanke mishi yatsa. Ya ce, "Lafiya, ɗiyata?" Na ce lafiya lau.

Na sake neman Yaya da yamma. Ya ga ina zuwa ya hau babur.

Bakina ba zai iya cewa Yaya ne ba. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, maganar ta ƙi fita.

Asabar, 12 ga Oktoba



Da safe na ce ni zan ja wa Baba sanda. Inna ta ce mace me za ta yi a wurin rantsuwa, Baba ya ce a bar ni, na fi kowa sanin takunsa. Amalanke ya sauke mu bakin gona. Mutane cike: mai gari a kan tabarma, mutanen meri, liman riƙe da Alƙur'ani a cikin gafaka, samari gefe guda, masu rawani gefe guda. Yaya yana can baya, ya ƙi kallona.

Maimakon na kai Baba tabarma, sai na karkata da shi kusurwa. Ya ce, "Ina za ki da ni?" Na ce, "Baba, ku ɗan huta a inuwa tukuna." Na ɗora hannunsa jikin aduwar. Ya shafa ta, ya gane ta, har ya yi murmushi.

Na ce, "Baba, ku dafa turken da ɗayan."

Ya miƙa hannu. Ba komai. Ya laluba gaba, ya laluba baya, ya ɗauki sanda ya zagaya da ita iyakar tsawonta, sai karan gero take bugu. Wallahi da ƙasa za ta buɗe da na shige.

"Kai ni inda yake."

Na ja shi cikin karan, muna tafiya, muna tafiya, har sandarsa ta bugi siminti. Turken tsaye shi kaɗai a fili. Ya dafa kan turken ya daɗe.

Da muka iso tabarma liman ya fara kwance gafaka. Baba ya ce, "Malam, mayar da shi." Sannan ya juya inda yake jin tarin Baba Agali ya ce, "Agali, turke ya yi tafiya. Daga gidana ne. Ka yafe mini."

Yazidu ya fara wata magana, mai gari ya daka mishi tsawa. Sai Baba ya ɗaga murya ya kira, "Tanimu." Sau ɗaya. Yaya ya fito ya durƙusa, kansa ƙasa. Bai musa ba, wannan kam na ba shi.

Baba Agali ne ya roƙa kada a kai maganar jandarma. Aka yanke a sako dabbobinsa yau, Yaya ya mayar da turakun da hannunsa gaban mutanen meri, geron da ke cikin burtali kuma na dabbobi ne.

A amalanke, da muka kusa gari, Baba ya juyo wajena. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na gaya mishi. Ya ce, "Hm." Shi ke nan.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yaya ba ya yi mini magana. In na shigo ya fita. Inna ta ce na kyauta, kuma ta ce da na bari an yi ta cikin gida. Oho, ni ban san wanne zan ɗauka ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yaya ya gama mayar da turakun. Tafin hannunsa duk ya fashe. Na ajiye mishi man kaɗanya bakin ƙofa, da na dawo man ba ya nan.

Baba Agali ya wuce kudu da dabbobinsa. Ya aiko wa Baba da cuku, amma bai ce zai sauka gonarmu bana ba. Baba yana zaune da cukun a cinya, bai ci ba, bai bayar ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ina wasa da rana sai na ji an zauna bayana a kan tabarma. Ban waiga ba, na san numfashinsa. Ya daɗe yana kallo. Na wuce gadar igiya, na kashe ƙatuwar kunamar nan da ta hana ni sakat tun jiya, ya ce, "Ba laifi." Maganarsa ta farko gare ni tun ranar. Na ji hawaye na cije.

Na iso wata mararraba a gindin dutse. Ya ce, "Dama, Laila. Hannun cin tuwo." A hankali ya faɗa, yana ɗan dariya, irin ta da.

Ban san me ya sa ba. Ba wai ban yarda da shi ba ne, na dai saba ne kwanakin nan. Na taka zuwa allon, na duba ko jikin dutsen yake, na danna na karanta har ƙarshe.

Dama ɗin ce.

Na bi dama. Yaya ya ga duk abin da na yi. Ya ƙara zama kaɗan, sannan ya ce zai je ya ba jaki ruwa.