Allon Bayan Jirgin Baban Lucky

Talata, 4 ga Maris, 2025
Yau Baban Lucky ya sa an kwashe kajina daga cikin jirginsa. Wai gyara zai yi. Mutumin da tun bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, cokali ma sai da hagu. Da jirgin ruwan nan na faiba, wato roba mai tauri, yake ƙetare dam da masu noman rani kafin ciwon. Yanzu allon baya, inda ake rataye inji, ya ruɓe. Ya soka masa sukundireba, sai ga baƙin ruwa na tsiyaya. Ni da ruwa ba ma shiri, ko ƙafa ban taɓa sawa a jirgin ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Ya aika Kudan an ɗauko masa Malam Tanko kafinta, tsohon abokinsa. Shi kuma Malam Tanko ciwon yana ya rufe masa ido, sai lalube. Na ce, "To, mai hannu ɗaya da marar ido, wa zai ja wani?" Malam Tanko ya yi dariya har da tari. "Maman Lucky, ai in kin haɗa mu mutum guda ne cikakke."

Talata, 11 ga Maris
Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsu har na manta da shara. Sun yanke fatar faiba ta ciki. Katakon da ke tsakiya ya zama kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Malam Tanko na bi da kurfi yana ƙwaƙulewa, yana shafawa da yatsa, inda ya ji laushi ya koma. Baban Lucky na zaune kan turmi: "Hagu kaɗan. Tsaya! Kar ka huda ta waje." Kuma bai huda ba. Ga azumi a bakin Malam Tanko, ga wannan rana. Na ba mijina ruwa, ya ce a'a, ba ya sha a gaban mai azumi.

Alhamis, 13 ga Maris
Ƙurar faiba. Dukanmu muna ta susa, har kaji.

Litinin, 17 ga Maris
Lucky ya kira daga Kaduna. A sayar da jirgin, mu koma wajensa, akwai ɗaki. Yaron gaskiya yake faɗa, tsoro yake ji kada uban ya faɗi. Na ce zan yi masa magana. Ban yi ba. Na leƙa na same shi ya danne kwali da gwiwa yana zana siffar allon da hannun hagu, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin asibiti.

Asabar, 22 ga Maris
Ranar ɓacin rai. Sun yanka sabon falanki a kan siffar kwalin, biyu, don a manna su su yi kauri. Amma gam ɗin da aka kawo daga Zariya ba ya jira. Suna haɗa shi da maganin da ke busar da shi, zafi ya sa ya daskare a roba, har da hayaƙi. Rabin gwangwani ya tafi. Baban Lucky ya ɗaga hannun nan nasa da ya mutu ya jefar da shi kan cinya. "Da ina da kai..." Bai ƙarasa ba. Ya shige ɗaki.
Malam Tanko bai bi shi ba. Ya zauna yana goge falankin da samfefa har la'asar, shi kaɗai. Da zai tafi ya ce, "Ki gaya masa gam ne ya mutu, ba mu ba. Jibi da sanyin safiya."

Litinin, 24 ga Maris
Sun zo gaɓar da ake buƙatar hannu huɗu. Aka rasa na huɗun, aka kalle ni. Na shafa gam, muka tura allon, suka ɗaure shi da sanduna da noti. Mijina ya ce in danna har gam ya fito ta gefe, in bai fito ba akwai iska a ciki, kuma inda iska ta zauna nan ruwa zai zauna. Shekara nawa muna tare, ban san ya san waɗannan abubuwa ba. Zanena ya lalace.

Laraba, 26 ga Maris
Ni na shimfiɗa ƙyallen faiba, ɗaya bisa ɗaya. Malam Tanko ya shafa da tafin hannu bayan ya bushe, ya daɗe, ya ce, "Wa ya yi nan?" Aka ce ni. "Madalla." Shi ke nan abin da ya ce, amma na ƙara wa miya nama.

Litinin, 31 ga Maris
An aiko mana da tuwon Sallah daga Kudan.

Asabar, 5 ga Afrilu
An kai jirgi dam a kan amalanke. Suka rataye inji, Malam Tanko ya hau kansa ya girgiza da duk ƙarfinsa. Allon ko motsi. Sai aka zo tayar da inji. Igiyar tana son hannun dama. Baban Lucky ya ja da hagu, ya sake ja, ya kusa kifewa. Masu albasa na tsaye a bakin ruwa, kowa ya kau da kai don kada ya ji kunya.
Ban san lokacin da na tattare zane na shiga ba. Ya ce, "Selina." Rabonsa da kiran sunana a gaban mutane tun muna saurayi da budurwa. Ya nuna mini inda zan taka. Na ja, na ja, ya kama. Ban buɗe ido ba sai a tsakiyar ruwa. Malam Tanko ya juya fuska yana shan iska, yana ta faɗin "Masha Allah."

Alhamis, 10 ga Afrilu
Kafaɗata ciwo. Na gaya masa ba kullum zan riƙa binsa ba, ina da aikina, ya nemi mai ja masa igiya. Ya ce to. Lucky ya sake kira, na ce a ba da ɗakin nan haya tukuna.
Da yamma na je wajen Hajo matar masunci sayen kifi. Ba don komai ba, hira ce ta kawo, na tambaye ta ko mace mai shekaruna za ta iya koyon iyo. Ta ce in zo ran Talata, kafin maza su fito.