Tayar da Aka Rage wa Iska

Gwange, daren Asabar, tsakiyar bazara

Na kasa barci, har yanzu ƙarar babura na cikin kunnena. Da la'asar na bi 'yan gareji bayan gari kallon tseren da suke yi cikin yashi. Kowa ya zuba kuɗinsa a kan sabon babur ɗin Bukar, jan nan mai ƙyalli. Ni ma shi na nufa da naira biyun cefanen gobe.

Maƙwabcinmu mai facin taya, wanda ake kira Ba Modu, ko kallon jan bai yi ba. Ya tsuguna gaban tsohon babur ɗin wani ɗan Shuwa, ya danna tayar da babban yatsa, ta lotsa.

Na ce, "Baba, ai wannan ta sace."

Ya ce, "Ba sacewa ta yi ba, Malam, rage mata iska aka yi. Taya mai tauri haƙa yashi take yi, mai laushi takawa take ta wuce."

Babu mai son wannan babur, shi ya sa mai karɓar kuɗi ya ce naira ɗaya za ta ci biyar. Na miƙa naira biyun a kan babur ɗin ɗan Shuwa.

Tun a kwanar farko Bukar ya kafe. Ɗan Shuwa ya wuce kamar a kan kwalta yake.

Na kai wa Ba Modu rabin naira goman da na ci, ya ƙi, wai shi ba ya caca. Shekara huɗu ina wuce rumfarsa da alli a aljihu, ina ganin ni ne malami a layin nan.